Haɓe, Afuno, Maguzawa: Su Wa Suka Raɗa wa Kanawan Dauri Suna?

Ɗalibin sakandare a Bacirawa, ko wani ƙauye na arewacin Kano, in aka tambaye shi sarkin Kano na farko, nan take zai ce Bagauda. In kuwa aka nemi sunan da mutanen wancan zamani suke kiran kansu da shi, sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne, domin yawancin tsofaffin sunayen da ke cikin littattafai maƙwabta ne suka raɗa su.

Alal misali, kalmar Haɓe daga Fulatanci ta fito, tilonta Kaɗo, wato wanda ba Bafillace ba. Har mutanen Dogon na ƙasar Mali da ita ake kiransu. Ke nan in aka ce "sarakunan Haɓe", tun daga Bagauda har Muhammadu Alwali, wanda mulkinsa ya ƙare a 1807, da bakin wasu ake magana. Barebari kuwa Afuno suke cewa, Yarbawa su ce Gambari. Ita ma kalmar Maguzawa, masana da dama suna ganin daga "majusu" ta Larabci aka samo ta.

Sunan da ya fi kama da na cikin gida shi ne Abagayawa, maƙeran da labarin baka ya ce daga Gaya suka zo neman tama a gindin Dala. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ambaci shugaban mazauna dutsen, Barbushe, mai kula da tsafin Tsumburbura, ƙaƙƙarfan da aka ce yakan kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Wannan dai zuzutawa ce irin ta labarin baka. Amma awon kimiyya da aka yi wa gawayin wata tsohuwar matoyar tama a Dala ya nuna ana narka ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. Shekarar 999 da ake ba hawan Bagauda kuwa, Palmer ne ya ƙirgo ta ta hanyar tara shekarun mulkin sarakuna yana komawa baya, saboda haka ya kamata malami ya gaya wa ɗalibansa cewa ƙiyasi ce.

Irin haka ta faru a Japan. Sinawa ne suka fara rubuta labarin mutanen tsibiran, suna kiransu Wa, da wani harafi mai ɗauke da ma'anar raini. A littattafan Sin ne kuma aka samu sunan sarauniya Himiko, wadda ta aika jakadu fadar Wei a ƙarni na 3. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 7 mutanen suka fara kiran ƙasarsu Nihon, wato mafitar rana, daga baya kuma suka canja harafin Wa da wani mai nufin zaman lafiya.