Ciwon kifin teku a cikin akwatin gilashi

Ƙasar Nijar ba ta da teku. Kifin da ake kamawa a kogin Isa, ko a tafkin Madarumfa, ko na Tabalak, duka kifin ruwan daɗi ne, kamar tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa. Amma akwai waɗansu kifaye da ba su rayuwa sai cikin ruwan gishiri na teku. Waɗansu daga cikinsu ƙanana ne, masu kyaun launi: ja, shuɗi, rawaya, da mai ruwan lemu da farar ɗamara. Saboda kyaunsu, mutane a Turai da Amurka da Japan sukan saye su, su aje su gida cikin wani akwatin gilashi cike da ruwa. Ana kiran akwatin akwariyom. Ba don ci ake aje su ba, don kallo ne kawai.

Wannan al'ada ta daɗe. A shekarar 1832, wata Bafaransa mai suna Jan Bilfure-Pawa ta haɗa irin wannan akwati a tsibirin Sisili don ta karanci halin dabbobin teku. A 1853 kuma aka buɗe gidan kallon kifi a birnin London. Tun wannan lokaci, matsala ɗaya ce ke damun masu kiwon: kifin da ya zo lafiya lau, sai ya kamu da ciwo ya mutu cikin ƴan makonni. Mi ke kawo haka?

Ruwa shi ne gidan kifi

Teku tana da faɗi ƙwarai. Zafinta da gishirinta ba su sakewa da sauri. Akwati kuwa sau da yawa bai wuce litir 100 ko 200 ba. A cikinsa kifi yake ci, a cikinsa yake numfashi, a cikinsa yake kashi. Don haka in ruwan ya ɓaci, ba inda kifin za ya gudu.

A kowane litir na ruwan teku akwai gishiri kamar giram 35. Ba gishirin miya kaɗai ba ne, akwai waɗansu ma'adinai da yawa tare da shi. Shi ya sa mai kiwo ba ya iya zuba gishirin kasuwa cikin ruwa ya ce ya yi teku. Sai ya sayi wanda aka haɗa musamman. Zafin ruwan kuma ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27, domin kifayen daga teku mai ɗumi suka fito.

Kullum ruwan akwati yana raguwa, yana tashi sama kamar tururi. Amma gishiri ba ya tashi. Masu aikin gishiri na Bilma sun san haka: rana tana shanye ruwa, ta bar gishiri a ƙasa. Saboda haka ruwan da ya ragu, da ruwan daɗi mai tsabta ake cika shi. In an cika da ruwan gishiri, sai gishirin ya riƙa ƙaruwa. Kifin teku yana shan ruwan da yake ciki, jikinsa kuma yana aikin fid da gishirin. In ya yi yawa, sai kifin ya gaji, ƙarfinsa ya ragu.

Gubar da ba a gani

Kifi yana numfashi da wata jar tsoka mai laushi da ke ƙarƙashin murfin kumatunsa. Ta nan yake ɗaukar iskar da ke cikin ruwa. Ta nan kuma yake fid da wata ƙazanta da ake kira amoniyak. Abincin da ya ruɓe a ƙasan akwati shi ma yana ba da ita. Amoniyak guba ce. Tana ƙone tsokar numfashin kifi, alhali kuwa ruwan yana nan garau, ido bai ganin kome.

Akwai waɗansu ƙananan halittu masu amfani da ake kira bakteri. Suna zaune jikin duwatsu da yashi da matatar ruwa. Su ne ke juya amoniyak ta zama nitirit, wadda ita ma guba ce, sa'an nan su juya nitirit ta zama nitirat, wadda ba ta da haɗari sosai. Amma sabon akwati ba ya da isassun bakteri. Sai an yi mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Wanda ya haɗa akwati yau, ya zuba kifi goma gobe, lalle za ya yi asara. Kifayen za su taso saman ruwa suna haki, su ƙi abinci, su mutu ɗaya bayan ɗaya.

Nitirat kuma tana taruwa sannu sannu. Don rage ta, ana kwashe kamar kashi ɗaya cikin goma na ruwan kowane mako ɗaya ko biyu, a zuba sabo. Abinci kuwa, kaɗan ake ba su, wanda za su cinye cikin minti 2 ko 3.

Ciwon farin ɗigo

Wannan shi ne ciwon da aka fi gani. Sai a ga ƴan fararen ɗigo a jikin kifi da fikafikansa, kamar an barbaɗa masa gishiri. Kifin ya riƙa goga jikinsa a kan dutse, don yana jin ƙaiƙayi. Kowane ɗigo wata ƙwayar cuta ce da ta shiga ƙarƙashin fata tana ci.

Wannan ƙwaya tana da wayo. Takan yi kwana 3 zuwa 7 a jikin kifi, sa'an nan ta saki, ta faɗa ƙasan akwati. Sai mai kiwo ya ga ɗigon ya ɓace, ya yi murna, ya ce kifinsa ya warke. Ashe ƙwayar ta rufe kanta da ɓawo a cikin yashi, tana rarrabuwa. Bayan ƴan kwanaki ko ƴan makonni, ɓawon ya fashe, ƴaƴa masu yawa su fito suna iyo, suna neman kifi. Wadda ba ta samu kifi ba cikin kwana ɗaya ko biyu, ta mutu. A teku mai faɗi, kaɗan ne ke dacewa. A akwati kuwa, kifin yana nan kusa. Zuwa na biyu ya fi na farko muni.

Ana magance ta da wani magani mai jan ƙarfe a ciki. Amma maganin ba ya taɓa wadda ke ƙarƙashin fata, ko wadda ke cikin ɓawo. Mai iyo kaɗai yake kashewa. Shi ya sa ake ci gaba da shi har wajen kwana 30. Kuma dole a auna shi kullum: in ya yi kaɗan bai aiki, in ya yi yawa ya kashe kifin. Banda haka, jan ƙarfe yana kashe ƙaguwa da jatan lande da murjani. Don haka a wani akwati dabam ake yi wa kifi magani. Babban akwatin kuma a bar shi ba kifi ko ɗaya har fiye da kwana 70, domin ƙwayoyin su rasa abinci su ƙare.

Ciwon ƙura

Akwai wani ciwon da ya fi wannan sauri. Ƙwayarsa ta fi ƙanƙanta, kuma tsokar numfashi take fara kamawa. Kifin ya riƙa haki, ya tsaya bakin inda ruwa ke fitowa da ƙarfi. Daga baya jikinsa ya yi kamar ƙura ta hau shi. Yana iya mutuwa cikin kwana 2 ko 3. Wani taimakon gaggawa shi ne a tsoma kifin cikin ruwan daɗi mai ɗumi daidai da nasa, kamar minti 5. Ƙwayoyin ba su jure ruwan daɗi, da yawa sukan saki jikinsa. Wannan sauƙi ne kawai, sai an bi da magani.

Baƙon kifi

Yawanci baƙon kifi ne ke kawo cuta. Da yawa daga cikin kifayen nan, a tekun Filifin da Indunusiya ake kama su. Waɗansu masunta suna fesa musu wata guba mai suna siyanir don su suma a kama su, ko da yake doka ta hana. Sa'an nan a sa su cikin leda, su yi doguwar tafiya a jirgin sama. Kifin da ya sha wannan wahala, cuta ba ta wuyar kama shi.

Makiyayi mai hankali, in ya sayo saniya a kasuwa, ba ya sakinta cikin garke ran nan. Sai ya ware ta, ya ga lafiyarta tukuna. Haka mai kiwon kifi yake yi. Yakan aje baƙon cikin ƙaramin akwati shi kaɗai, kamar mako 4, yana duban cinsa da numfashinsa da fatarsa. In ya ga lafiya, sa'an nan ya haɗa shi da sauran. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya kula da ruwa, ya yi haƙuri da baƙo, ƙaramin kifinsa mai farar ɗamara yana iya yin shekara goma ko fiye a hannunsa.

Tambayoyi

1. Don mi ake cika akwati da ruwan daɗi in ruwansa ya ragu?
2. Wane aiki bakteri suke yi a cikin akwati?
3. In farin ɗigo ya ɓace daga jikin kifi, ya warke ke nan? Don mi?
4. Ta yaya aikin mai kiwon kifi ya yi kama da na makiyayi?