Shiri na Musamman: Karatun Makafi a Ƙasar Lautai

Yau shirin namu zai yada zango ne a arewacin Jigawa, a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙananan hukumomi huɗu da suka haɗu suka zama masarautar Gumel, wato ƙasar Lautai. Za mu yi magana a kan yaron da ba ya gani: ina zai yi karatu, da me zai yi, wa kuma zai koya masa. In akwai mai lalurar gani a gidanku, a matso masa da rediyon kusa, don shirin nasa ne kafin ya zama na kowa.

(Kiɗa)

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san wannan: dattijo riƙe da ƙarshen sanda, yaro ɗan shekara takwas ko tara riƙe da ɗaya ƙarshen, suna ratsa tsakanin dillalai da raƙuma da motocin da suka tsallako daga Nijar. Mukan ba dattijon sadaka mu wuce. Ba kasafai muke kallon ɗan jagoran ba, alhali ranar Alhamis ranar makaranta ce, kuma ba ya aji. Idon mutum ɗaya ne ya tafi, amma karatun mutum biyu ya tsaya. Wannan ne ya sa batun sanda da horo da na'ura ya wuce batun makaho shi kaɗai.

Me bincike ya gano? Tsakanin 2005 da 2007 an yi babban binciken makanta na ƙasa, wanda Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta gudanar tare da ƙungiyar Sightsavers da masana daga Landan. An duba idon mutum kusan 13,600 masu shekara 40 zuwa sama. Sakamakon ya nuna kashi 4.2 cikin 100 na masu waɗannan shekaru makafi ne, wato sama da mutum miliyan ɗaya, kuma abin ya fi tsanani a Arewa. Yanar ido ce kan gaba da kashi 43 cikin 100, sai hawan jinin ido da wajen kashi 17. Abin da ya fi ciwo a rahoton shi ne kashi 84 cikin 100 na wannan makanta, da an yi abin da ya dace a kan lokaci, da an kauce mata ko an warkar da ita. Binciken ya kuma tarar cewa cikin idanun da aka yi wa aikin yana, sama da kashi 40 cikin 100 masu kwantar da yana na gargajiya ne suka taɓa su, kuma mafi yawansu ba su ƙare da gani mai kyau ba.

A yankinmu akwai ƙarin wata cuta, amosanin ido, wadda likitoci ke kira tirakoma. Jigawa na cikin jihohin da ta daɗe tana addaba, don tana son wuri mai ƙura da ƙarancin ruwa da yawan ƙuda. Takan fara tun mutum yana yaro, ta yi ta dawowa, har fatar ido ta naɗe ciki, gashin ido ya riƙa gogar ƙwayar. Shi ya sa za ka ga tsohuwa da matsefata a bakin zane, tana cire gashin ɗaya bayan ɗaya, kwana kaɗan ya sake tsirowa. Ƙaramin aiki ne ake yi a gyara fatar, kuma rabon magani gida-gida da aka yi shekara da shekaru ya rage cutar ƙwarai. Ga yara kuma, ƙyanda da ƙarancin sinadarin bitamin A da ɗiga haɗe-haɗen magani a ido sun ci idanu da yawa.

Sai dai wancan babban bincike manya ya fi duba. Yaro makaho a ƙauyen Sule Tankarkar ko Gagarawa sau da yawa ba ya cikin rajistar kowa, don iyaye kan ajiye shi a gida, wasu don tausayi, wasu don kunya. Akwai hanyar gano irin waɗannan yara mai sauƙin kuɗi, wadda aka gwada a jihar Sakkwato: a horar da mutanen gari, malamin makaranta da ungozoma da mai unguwa, su bi gida-gida su rubuta sunaye, sannan likitan ido ya zo rana ɗaya ya duba su. A irin wannan dubawa ake gane cewa wasu yaran da aka yanke wa hukuncin makanta tabarau kawai suke bukata, ko gilashin ƙara girman rubutu, ko a dawo da su layin gaba kusa da allo.

(Kiɗa)

Ƙasar Hausa ba baƙuwar ilimin makafi ba ce. Muna da alarammomi makafi da suka haddace Alƙur'ani da ka, muna da sarautar Sarkin Makafi a garuruwanmu, kuma Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Kowane ɗan Islamiyya kuma ya san Abdullahi ɗan Ummu Maktum, ladanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda aka sha bar wa riƙon Madina. Matsalar ta taso ne da karatu ya koma na takarda da jarrabawa da cike fom. Hadda ba ta rubuta amsar lissafi.

A nan rubutun birel ya shigo. Louis Braille, Bafaranshe da ya makance yana ƙarami, shi ya tsara shi a 1824 yana ɗan shekara 15. Ɗigo shida ne kacal, uku a hagu uku a dama, amma ana juya su su ba da alama 63. Bari in kwatanta muku yadda ake rubuta shi da hannu. Ana saka takarda mai kauri cikin wani ɗan allo na roba ko ƙarfe mai ƙananan tagogi, sai a ɗauki tsinke mai kan katako a riƙa dannawa, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Tunda ɗigon ta bayan takarda yake ɓullowa, marubucin daga dama yake farawa zuwa hagu kamar mai rubuta ajami, in ya gama ya juya takardar ya karanta da yatsa daga hagu zuwa dama. Hausa ma tana da nata birel, har da alamomin ɓ da ɗ da ƙ, haka ma akwai Alƙur'ani na birel, wanda saboda kaurin takarda yakan zo mujalladi-mujalladi.

Makarantar makafi ta farko a Nijeriya an buɗe ta ne a Gindiri, jihar Filato ta yanzu, a 1953. Kano tana da ta Tudun Maliki, Jigawa kuma tana da tata a Dutse. Wannan hanya ta fitar da mutane: Jibril Isa Diso ya kai matsayin farfesa a sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero. Hukumar JAMB ma tun 2017 ta ware tsari na musamman don makafi masu neman shiga jami'a, kuma Kano na cikin cibiyoyin da ake zana jarrabawar. To amma daga Gumel zuwa Dutse ya haura kilomita 100 a mota, daga Maigatari ya fi haka. Ka ce wa uwa ta tura ɗanta ɗan shekara shida, wanda ba ya gani, makarantar kwana mai wannan nisa. Idan mace ce yarinyar kuwa, sau da yawa ko tattauna maganar ba a yi. Ni ban ga laifin uwar ba.

Yanzu sai waya. Kusan duk wayar Android tana ɗauke da wata manhaja mai suna TalkBack, iPhone kuma tana da VoiceOver, sai dai masu gani da yawa ba su san da su ba. Da an kunna, wayar sai ta fara magana. Ka ɗora yatsa a kan abu ta faɗa maka sunansa, ka ƙwanƙwasa sau biyu ta buɗe shi. A kwamfuta akwai NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka fara a 2006, kuma kyauta ce. Akwai Be My Eyes da ta fito daga Denmak a 2015, wadda ke haɗa makaho da mai gani ta kyamara ya karanta masa kwalin magani. Amfanin wannan ba ƙarami ba ne. Makahon da ke tura kuɗi da kansa ya huta da bai wa wani lambar sirrinsa a gaban mai POS.

Ga inda gizo ke saƙar. Muryoyin da ke cikin mafi yawan waɗannan wayoyi Turanci suka iya. In ka ba su saƙon Hausa sai su karanta shi da lafazin Bature, su yi tuntuɓe a kan haruffa masu ƙugiya, su baje karin sautin da Bahaushe ke bambanta ma'ana da shi. Ɗalibin jami'a yakan saba ya riƙa fahimta. Manomin gero da ya makance yana da shekara 50 fa? Shi saƙon murya na WhatsApp da rediyo su ne nasa. Sannan ga tsadar wayar, ga kuɗin caji, ga sabis mai zuwa yana ɗaukewa a garuruwan bakin iyaka. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya ce a wasu ƙasashe matalauta kashi 3 cikin 100 ne kawai na masu bukatar kayan taimako ke samunsu. Aikin koya wa na'ura Hausa kuwa sai Hausawa sun ba da murya. Shirin Common Voice na Mozilla yana tattara muryoyin Hausa daga masu sa kai, kuma matasanmu da ke kwana a kan waya za su iya karanta jimla goma a rana.

Kada kuma a ce tunda waya na magana an gama da birel. Yaron da ke saurare kawai bai san yadda ake harhaɗa kalma ba, bai san inda aya take ba, ba zai jera lissafi ba.

Dokoki kam akwai su. A zamanin Gwamna Sule Lamido Jigawa ta fara biyan masu bukata ta musamman alawus, naira 7,000 a wata a wancan lokacin. Dokar tarayya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta nuna musu wariya, ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh a 2017, wadda ta halatta a mayar da littafi zuwa birel ko murya don makafi ba tare da jiran izinin mai shi ba. Alawus yana sayen hatsi, amma ba ya koyar da baƙi da wasali.

A ganina, mabuɗin yana cikin garin Gumel kansa, a Kwalejin Ilimi ta Jiha, inda malaman firamaren yankin da yawa ke fitowa. Idan kowace shekara kwalejin ta yaye ko da 'yan kaɗan ne da suka iya birel da hannunsu, suka iya koyar da tafiya da farar sanda, suka san kunna TalkBack, to kowace daga cikin ƙananan hukumomin nan huɗu za ta iya ware aji ɗaya a firamare ɗaya, da alluna da tsinkaye da takarda da ɗan faifan sola. Yaro ya yi shekarunsa na farko yana kwana a ɗakin uwarsa, in ya yi ƙwari ya wuce Dutse ko Kano. Ɗan jagora shi ma ya koma aji.

Saboda haka kiranmu ga Mai Martaba Sarkin Gumel da hakimai da dagatai, da sakatarorin ilimi na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, shi ne a fara da ƙidaya, unguwa-unguwa, tare da sarakunan makafi, don su suka san gidajen. Ku kuma iyaye, in kun ga yaro yana kai littafi har hanci, ko yana karo da kaya da magariba, ko kun ga fari a ƙwayar idonsa, kada a ɗiga masa komai. A kai shi asibiti a wannan makon.

A nan za mu dakata. Sai Allah ya kai mu shiri na gaba, a huta lafiya.