Dokar Ƙirga Rassan Ƙaho a Dazukan Amurka: Wa Ta Ceta?

A yawancin yankunan farauta na jihar Kolorado, maharbi ba ya jan kunamar bindiga sai ya yi lissafi. Dabbar da yake bi, wato elk, babbar barewa ce ta Arewacin Amurka. Namijinta kan haura kilo 300, ƙahonsa kuma mai rassa ne, yana zubewa duk shekara wani ya tsiro. Doka ta ce namijin da ya halatta a harba shi ne mai rassa huɗu a ƙaho ɗaya, ko wanda reshensa na wajen goshi ya kai inci biyar. Shi kansa reshen sai da aka fayyace shi: dole ya kai inci ɗaya, kuma tsawonsa ya fi faɗin gindinsa.

Dokar ta samo asali ne daga ƙarancin manyan maza. Zuwa shekarun 1980, hanyoyin masu yankan katako sun ratsa dazukan yammacin ƙasar, maharba sun yawaita, har ta kai a wasu garkunan 'yan shekara ɗaya ne ke yin barbara. Binciken da aka gudanar a gandun gwaji na Starkey da ke Oregon, aka wallafa a 1996, ya nuna illar hakan. Lokacin da 'yan shekara ɗaya ke barbara, sai da aka kwashe kwana 71 kafin mata su gama ɗaukar ciki. Da mazan suka kai shekara biyar, kwana 41 suka wadatar. Ɗan da aka haifa a makare kuwa, hunturu kan riske shi bai yi ƙwari ba.

Dokar rassa huɗu ta yi abin da aka kafa ta dominsa. Ɗan shekara ɗaya, mai ƙaho miƙaƙƙe kamar tsinke, yana tsira. Sai dai tsirar ba ta da nisa. Da ya shiga shekara ta uku ƙahonsa ya yi rassa, duk bindigogin da suka ƙyale shi bara sai su juyo kansa. Wato an ɗage masa ajali ne da shekara guda, manyan maza masu rassa shida kuma suna nan da wuyar gani. Ga kuma matsalar ƙirga. Da asuba, cikin duhun itatuwa, dabba na tafe, ba kowa ke iya bambance uku da huɗu ba. Wani sai ya harba tukuna ya je ya duba, in lissafi bai cika ba ya sulale ya bar gawa don tsoron tara.

Jihar Washinton ta bi ta ɗaya gefen. A 1989 ta ce a tsaunukan Blue Mountains ɗan shekara ɗaya mai ƙaho marar reshe kaɗai kowa zai harba, manya kuma sai wanda ƙuri'a ta faɗa kansa. Montana ta yi makamancin haka a tsaunukan Elkhorn. Namijin da ya haye shekararsa ta farko sai ya samu damar tsufa, kuma manyan maza sun dawo. Amma maharbi kan yi shekaru yana jiran ƙuri'a, su kuma ƙananan sukan sha wuta, har Washinton ta ƙara tsaurara ma'anar ƙaho marar reshe a garken elk na yankin Colockum.

Me ya sa hukumomi suka fi son ƙirga rassa? Amsar tana aljihu. Kuɗin lasisi ne ke riƙe da hukumomin kula da namun daji, musamman na maharban da ke zuwa daga wasu jihohi, masu biyan ninkin-ba-ninkin abin da ɗan gida ke biya. Dokar ƙaho tana barin kowa ya shiga daji ba tare da an rage yawan lasisi ba. Amma inda ake son tsofaffin maza da gaske, rage maharban ne ke aiki. Kolorado ma ta fara karkata can: daga 2025, baƙon da ke son farautar elk da kwari da baka ba ya sayen lasisi kai tsaye kamar da a yawancin yankunan jihar, sai ya nema a cikin adadin da aka ƙayyade.