KAKA A BAYAN GIDA: MAKONNIN DA AKE TANADIN MIYAR SHEKARA

Daga wakilinmu

Idan aka ambaci kaka, hankalin kowa yakan tafi gona ne, wajen dammunan gero da dawa da buhunan gyaɗa. Amma akwai wata kakar da ba a cika kula da ita ba, watau wadda ake yi a ɗan filin nan na bayan ɗaki, tsakanin rijiya da turken awaki, inda matan gida suke shuka kuɓewa da yakuwa da barkono. Malamin gona ba ya zuwa ya auna shi, kuma ba ya shiga lissafin Ma'aikatar Gona. Duk da haka, abin da aka yi a wannan fili cikin makonni shida ko bakwai na bayan ɗaukewar ruwa shi ne yake nuna irin miyar da iyali za su sha har wata damina.

Ruwa ba ya ɗaukewa rana ɗaya a Nijeriya. A Sakkwato da Katsina da Nguru yakan yi sallama tun ƙarshen Satumba, Kano ta biyo baya kaɗan, Zariya da Kaduna kuwa sukan kai tsakiyar Oktoba. 'Yan'uwanmu na Sabo a Ibadan da na Agege a Ikko suna iya ganin hadari har cikin Nuwamba. Amma alamun ba sa ɓuya. Sai a shiga zafin nan na agazari mai sa gumi, raɓa ta yi yawa da asuba, fara ta cika ciyawa. Shamuwa, wadda ta zo da ruwan fari ta yi sheƙa a kan itatuwan gari, sai a wayi gari ta kama hanyar kudancin Afirka. Kuka ta soma zubar da ganye, gawo kuwa, da yake shi kullum a saɓanin 'yan'uwansa yake, sai a lokacin ne zai fara tofo.

Mai karatu zai lura cewa yakuwar da aka shuka a watan Yuni da wadda aka shuka a Yuli kusan tare suke yin fure. Dalili shi ne, ba kwanakinta a ƙasa take ƙirgawa ba, tsawon yini take bi. A wajejen Kano bambancin da ke tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce sa'a ɗaya da rabi ba, amma wannan ɗan bambanci ya ishi tsiro ya gane cewa damina ta juya baya, lokacin yin 'ya'ya ya yi. Haka rama take, haka nan doguwar kuɓewar nan ta gida da ba ta soma fure sai ƙarshen damina, sa'an nan ta yi ta ba da 'ya'ya har sanyi ya shigo. Saboda haka wanda ya ga ganyen lambunsa yana yin rawaya, kada ya ɗauka lambun ya mutu. Ƙarfinsa ne ya koma cikin iri.

Aikin farko na wannan lokaci shi ne shanya. Kuɓewa a yanka ta ƙanana tun tana da taushi, domin wadda ta ƙosa ba ta yin yauƙi, sai dai a bar ta ta zama iri. Tumatir a tsaga shi biyu a baza ya zama kauɗa. Barkono da tattasai su hau rufin soro ko tabarma. Ganyaye kuwa, irin su kuka da zogale da lalo da karkashi da tafasa, tsofaffin mata sun daɗe da sanin cewa inuwa suke so, wurin da iska take ratsawa. Kukar da aka shanya a tsakiyar rana takan koɗe ta yi fari-fari, kuma ko a kasuwa mai saye yakan ture ta ya nemi koriya. Masana abinci sun tabbatar da hikimar matan nan, domin zafin rana yana cinye wani sashe na amfanin da ke cikin ganye.

A nan ya kamata a faɗi wata gaskiya ko da ba ta yi wa wasu daɗi ba. Al'adar nan ta baza kayan miya a gefen kwalta, wadda duk matafiyi yake gani a manyan hanyoyinmu, ɓarna ce. Ƙura da hayaƙin mota da kashin dabbobi duk suna sauka a kai, daga bisani kuma a kwashe har da tsakuwa a kai wa mai niƙa. Haka kuma gaggawar ɗure kaya a buhu tun ba su bushe sarai ba. Barkono ko gyaɗar da aka ɗaure da sauran laima sukan yi fumfuna, wata fumfunar kuma tana haifar da dafin da likitoci suka danganta da ciwon hanta. Barkono bai bushe ba sai an girgiza shi an ji 'ya'yansa suna ƙara, kuɓewa kuwa sai ta karye ƙas a hannu.

Yakuwa ita kaɗai ta isa a yi mata shafi guda. An ci ganyenta a fate da miyar taushe duk damina, yanzu kuma ga zoɓorodo, fari na miya, ja na sha. Wannan jan ne ya zama hajar da 'yan kasuwa suke tarawa a Jihar Jigawa, musamman wajen Maigatari, ana fitar da shi har ƙasar Meziko. 'Ya'yanta ma ba a zubarwa, da su ake yin daddawar batso. Kabewa kuma, muddin aka tsinke ta da ƙututturenta ba a ji mata rauni ba, takan yi watanni a ƙarƙashin gado. Duman da ya haye rufin ɗaki a bar shi sai yaɗonsa ya bushe, kana a fafe shi a sami ƙwarya da ludayi, ko da yake roba ta kusa raba mu da wannan sana'a.

To, amma babban al'amarin kaka, wanda kuma ya fi shiga haɗari a yau, shi ne ajiye iri. A da, kowace uwargida tana da 'yan ƙulle-ƙullenta. Tun kuɓewa tana tsaye take ɗaura tsumma a jikin wadda ta fi kyau, kowa a gidan ya san wannan ba ta miya ba ce. Idan ta bushe a cire, a gauraya 'ya'yan da toka, a zuba a gora a toshe. Masarar iri kuma a rataye ta a saman murhu, hayaƙi ya kore mata ƙwari. Amarya takan tafi ɗakin miji da irin gidansu, maƙwabciya ta roƙi na maƙwabciya. Ta haka aka sami iri da ya saba da ƙasar kowane yanki, wanda ya ga farin 1973 da na 1984 ya kuma rayu.

Yanzu da yawa sun koma sayen iri na cikin gwangwani da 'yar takarda. Ba a ce ba shi da kyau ba, sau da yawa ma ya fi yawan 'ya'ya. Sai dai wanda aka yi wa aure, watau mai alamar F1 a jikin takardarsa, idan aka ɗebi 'ya'yansa aka sake shukawa ba ya fitowa kamar uwarsa, dole baɗi a koma kanti. Gidan da ya yi shekara biyu ko uku bai ajiye nasa ba, shi ke nan ya rabu da shi. Akwai cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa da aka kafa a Ibadan a 1975, mai reshe a Bagauda ta Jihar Kano, ga kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, amma babu cibiyar da za ta iya bin gida-gida ta adana abin da kowace tsohuwa take da shi a gorarta.

Wani kuskuren da ya yaɗu shi ne zuba maganin ƙwari mai ƙarfi a cikin wake da sauran kayan ajiya. Irin wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wakenmu a 2015. Ga ɗan abin da ake samu a lambun gida, babu ma bukatar magani. Jarka ko kwalba mai murfi, a cika ta fal da busasshen iri a rufe ruf, ƙwarin da ke ciki za su mutu don rashin iska.

Gwamnatoci sun sha yin kira a koma lambun gida. A 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, har ma'aikata da 'yan makaranta suka riƙa yin kunya a bayan gidaje. Shugaba Shehu Shagari ya biyo da nasa shirin bunƙasa noma a 1980. Amma abin da ya fi kowace sanarwa tasiri shi ne tsada. A 2016 tsutsar tumatir da manoma suke kira sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. A tsakiyar 2024 kuma, sa'ad da hauhawar farashin abinci ya haura kashi 40 cikin ɗari, tumatir ya gagari talaka, har wasu suka koma miyar karas. A waɗannan lokuta, matar da take da kauɗa da busasshiyar kuɓewa a tukunya ba ta shiga sahun masu kuka ba. Abin takaici shi ne, a birane filin ne ma yake ƙarewa. An yanka filaye ƙanana, an shafe tsakar gida da siminti, sai dai mai himma ya cika tsofaffin buhuna da ƙasa da taki ya jera a gindin katanga.

Da zarar an kawar da amfanin gona, sai a saki dabbobin da suka yi damina a turke. Akuyar da ta yi wata huɗu a ɗaure ba ta san zogalen maƙwabci ba, kuma rigingimun da masu unguwa suke sasantawa a wannan lokaci ba kaɗan ba ne. Don haka darni ya riga komai. Ga kara nan ya samu, a gyara shi tun kafin a kwance igiya. A kuma yi hattara da tarin kara da busasshen yaɗo, domin macizai suna son fakewa a ciki.

Wanda yake da rijiya ko famfo, kaka a gare shi mafarin wani zango ne. Tumatir da albasa da karas da kabeji da latas duk sanyin dare suke so, shi ya sa na hunturu ya fi na damina kyau da araha. Cikin Oktoba ake yayyafa iri a ɗan fangali, a rufa da ciyawa, bayan mako huɗu ko biyar tumatir ya isa dashe. A tara kashin awaki da na kaji da tokar murhu a juye a ƙasa, ruwan alwala da na ɗaurayar kwanuka marar sabulu kuma a karkata shi gindin gwanda da lemun tsami. Ban ruwa da sassafe ko da yamma ya fi, tun da iskar hunturu ba ta barin laima. Kafin fangalin ya soma ba da tumatir, mangwaron tsakar gida ya fara fure.