Finafinan Italiya a Kano da Matsayin Laburare Wajen Adana Fim

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a dubi yadda ƙasar Italiya ta adana finafinanta tare da littattafan da suka shafe su, sa'an nan a auna darasin da ke ciki ga ɗakunan karatu na Kano. Abin da ya jawo rubuta ta kuwa shi ne wani ɗan gwaji da muka yi da ɗalibanmu na adabi. Mun nemi finafinai biyu: ɗaya na Italiya wanda aka yi a 1948, ɗaya kuma na Hausa wanda aka yi a nan Kano a farkon shekarun 1990. Na farkon mun same shi a intanet cikin 'yan mintoci, hotonsa tangaram. Na biyun kuwa, mun zaga ɗakunan karatu uku, mun bi shagunan masu fim na Titin Zoo, wanda ba shi da nisa da unguwarmu ta Babban Giji, amma iyakar abin da muka samu shi ne mutanen da suka tuna labarinsa. Tambayarmu ita ce: me ya sa na nesa ya rayu, na gida ya salwanta?

2.0 Italiya a Majigin Kano

Finafinan Italiya ba baƙi ba ne a wurin Kanawa, ko da yake da yawa ba su san daga can suka fito ba. An buɗe gidan silima na Rex a 1937, na Palace kuma a 1952, daga baya wasu suka biyo, kamar su Plaza da Orion da Marhaba. Ban da finafinan Indiya da suka fi farin jini, akwai waɗanda ake kira na kaboyi. Duk dattijon da ya yi ƙuruciya a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni a shekarun 1970 zai iya ba da labarin Jango, mutumin da ke jan akwatin gawa da bindiga mai aman wuta a ciki. To, wannan fim na Sergio Corbucci ne, ya fito a 1966, kuma Franco Nero, ɗan Italiya, shi ne Jangon.

Ba laifin 'yan kallo ba ne da suka ɗauka kayan Amurka ne, domin da gangan aka ɓoye asalinsu. Alal misali, a fim ɗin kaboyi na farko da Sergio Leone ya yi a 1964, wanda Clint Eastwood ya fito a ciki, an rubuta sunan darektan Bob Robertson, aka kuma kira mai kiɗan, watau Ennio Morricone, da suna Dan Savio. Yawancin dajin da ake gani a irin waɗannan finafinai na ƙasar Sifen ne, muryoyin Turanci kuwa daga baya ake ɗora su. Haka nan Terence Hill da Bud Spencer, sunayensu na yanka su ne Mario Girotti da Carlo Pedersoli. Tasirin kaboyi ya kai har Jamhuriyar Nijar, inda Moustapha Alassane ya yi wani fim a 1966 a kan samarin ƙauye da suka sa tufafin kaboyi suka addabi jama'a.

Abin lura shi ne, duk wannan bayani ba a samunsa daga kallon fim kaɗai. Sai an koma ga takardun kamfanoni da fastocin talla da littattafan da manazarta suka rubuta. Watau fim da littafi Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

3.0 Wani Reshe da Majigi Bai Kawo Mana Ba

Akwai wani ɓangare na finafinan Italiya da bai cika zuwa gidajen silimanmu ba, alhali shi ya fi amfani ga malamin adabi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, babban filin shirya fim na Cinecittà, wanda aka buɗe a birnin Rum a 1937, ya zama sansanin 'yan gudun hijira. Sai masu fim suka fita titi da na'urorinsu, suka riƙa ɗaukar talakawa a unguwanninsu. Wannan salo za mu iya kiransa sabon salon nuna zahiri. Roberto Rossellini ya yi fice a cikinsa da fim ɗinsa na 1945 a kan Rum a ƙarƙashin mamayar Jamus.

Fim ɗin 1948 da muka ambata a sama na Vittorio De Sica ne, ma'anar sunansa kuwa ita ce Ɓarayin Keke. Labarin wani magidanci ne marar aikin yi da ya sami aikin liƙa fastoci bisa sharaɗin yana da keke. Matarsa ta jinginar da zannuwan gadonsu aka karɓo kekensa da ke hannun masu jingina, amma ranar farko aka sace shi. Shi da ɗansa suka yi ta yawon nema, har ƙunci ya sa shi ma ya kai hannu ga keken wani, aka kama shi a gaban yaron. Lamberto Maggiorani, wanda ya fito a uban, ma'aikacin masana'anta ne, ba ɗan wasa ba. Ɗalibanmu ba su bukaci dogon sharhi ba, domin kowannensu ya san gidan da abincinsa ya rataya a kan babur ɗaya ko Adaidaita Sahu ɗaya. Bugu da ƙari, an ɗauko tushen labarin daga littafin Luigi Bartolini na 1946, Cesare Zavattini kuma ya jagoranci mayar da shi fim. Wanda ya sami littafin da fim ɗin a wuri guda zai iya nazarin abin da aka rage da abin da aka ƙara.

4.0 Yadda Italiya Ta Yi

Rayuwar waɗannan finafinai ba sa'a ba ce, tsari ne. An kafa makarantar koyon fim ta ƙasa a Rum a 1935, tana da laburarenta mai ɗauke da littattafai da mujallu da rubutattun wasanni. A 1949 aka kafa taskar fim ta ƙasa a ƙarƙashinta, doka kuma ta tanadi a riƙa ajiye kwafen finafinan ƙasar a can. Birnin Milan ma yana da tasa taskar tun 1947. A Bolonya kuwa, taskar birnin ta haɗa laburare, da ɗakin gyaran tsofaffin finafinai da aka buɗe a 1992, da bikin nuna su da ake yi kowace shekara tun 1986. A can aka gyara Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty na Senegal a 2008, kuma taskar tana cikin shirin da aka ƙulla a 2017 da UNESCO da ƙungiyar masu fim ta Afirka don gyara finafinan nahiyar guda 50.

5.0 Halin da Muke Ciki

Mu ma mun ɗanɗana amfanin ajiya. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa bai taɓa yankewa daga hannun ɗalibai ba, amma fim ɗinsa da Adamu Halilu ya yi a 1976 ya daɗe ana zaton ya ɓace. A 2016 aka gano faifansa a cikin ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin Balin na 2018.

Finafinan bidiyo na Kano, waɗanda ake fara lissafinsu daga Turmin Danya na 1990, sun fi wannan shiga haɗari. Kaset ba ya jure zafi da ƙura da laima, zarensa yakan manne ko ya yi fumfuna. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera na'urar kallon kaset, ya daina a 2016. Faifan CD ma yakan karce. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafe uku, sai dai al'adar ɗakunan karatunmu har yau ta fi karkata ga takarda.

6.0 Shawarwari

Na farko, Laburaren Murtala Muhammed da na manyan makarantun Kano su ware sashen fim, a jera kowane fim kusa da littafinsa da fastarsa da mujallun da suka yi sharhinsa. Na biyu, tun da finafinai suna bi ta Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, a yi yarjejeniya da masu su a riƙa ba laburare kwafe ɗaya don nazari kawai, ba tare da an taɓa haƙƙin mallakarsu ba. Na uku, a tara tsofaffin kasusuwan da ke gidaje da shaguna a mayar da su cikin kwamfuta, a ajiye a wurare biyu dabam-dabam. Na huɗu, a tura ɗalibai su ɗauki bayanan tsofaffin ma'aikatan silima da 'yan wasa tun suna raye.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa Kano ta daɗe tana kallon Italiya ba ta sani ba, kuma laburare ne ya bayyana mana hakan. Idan ana so ɗalibin da zai zo nan da shekara 50 ya san yadda Bahaushen ƙarshen ƙarni na 20 yake magana da sa tufafi da neman aure, to, wajibi ne a fara tara kasusuwan nan yanzu, tun na'urorin da za su karanta su ba su gama mutuwa ba.