Mai Gadi, Agogo da Ƙarfe Tara na Dare

A ƙamus ɗin Turanci, kalmar watch da kalmar water maƙwabta ne, amma ba dangin juna ba ne. Haruffa ne kawai suka haɗa su. Duk da haka, su biyun sun isa su tona lahanin koyar da Turanci da hadda, wato kalma ɗaya fassara ɗaya. A ce wa ɗalibi watch kallo ne, water ruwa ne, shi ke nan an sallame shi. Ranar da ya ci karo da su a jarida sai kansa ya ɗaure.

A tsohon Turanci, watch na nufin kwana ido biyu, kuma tushensu ɗaya da wake, wato farkawa. Daga rashin barci aka samu gadi: Dokar Winchester ta 1285 ta wajabta wa garuruwan Ingila ajiye masu tsaron dare, kuma da wannan kalma ake kiran aikinsu. Ma'aikatan jirgin ruwa ma da ita suke kiran karɓa-karɓar aikin da suke yi sa'o'i huɗu-huɗu. Sai aka laƙaba ta ga agogon da ke tashin mai barci, sannan a ƙarni na 16 ta koma kan ƙaramin agogon da ake yawo da shi. Kallon ƙwallo a talabijin auta ne a gidan. Wanda ya riƙe cewa zaren da ya ɗaure su duka shi ne zama a farke, ba zai yi mamakin ganin mai gadi da agogon hannu suna amsa suna ɗaya ba.

Water kuwa ma'anarta ba ta cika yawo ba, sai dai 'ya'yanta. Ɗauki watershed. Asalinta tudun da ke raba ruwan sama, kamar tsaunukan Jos, inda wasu koguna ke gangarawa Neja, wasu Binuwai, wasu kuma su nufi Tafkin Chadi. Daga nan aka are ta ga duk lamarin da ya raba zamani biyu. A Birtaniya kuma ƙarfe tara na dare ce, lokacin da hukumar Ofcom ta yarda gidajen talabijin su fara nuna abin da bai dace yara su gani ba. Babu ɗigon ruwa a ciki.

Wani zai ce mai koyo ba ya buƙatar tarihi, abin da mutane ke nufi yau shi ne damuwarsa. Yana da hujja, domin tarihi ma kan yi yaudara. Ba'amurke in ya ce watershed, galibi yana nufin dukan yankin da ruwansa ke zuba cikin kogi ɗaya, ba tudun da ya raba ba. Watergate kuwa sunan gini ne a Washington, inda aka fasa ofishin jam'iyyar Democrat a 1972, lamarin da ya kai Shugaba Nixon ga murabus a 1974. Tun daga nan 'yan jarida ke manna gate a wutsiyar kowace badaƙala, ba ruwansu da ƙofa. Amma wannan hujjar hadda ta fi rusawa. Mai hadda fassara ɗaya ce a hannunsa, in ta ƙi shiga jimla ya tsaya cak. Wanda ya san cewa ma'ana tana tafiya, ko da bai san inda ta sauka ba, ya san ya kamata ya dubi wanda ke magana, da ƙasarsa, da abin da ake tattaunawa.