Yadda Za Mu Raba Gidanmu da Ɓera Ba Tare da Guba Ba



A zangon da ya wuce ɓera ya cinye min rabin littafin lissafi, saura mako ɗaya jarrabawa. Na ce a sayo maganin ɓera, sai Baba ya ƙi, domin muna da ƙanina mai rarrafe, ga kuma kaji a tsakar gida. Guba ba ta san wanda aka ajiye ta dominsa ba.

Me ya sa ɓera ke ɓarna haka? Haƙoransa na gaba ba sa daina girma, shi ya sa kullum yake gwaguyar takarda, buhu, har da wayar lantarki. Macen takan haihu bayan kamar mako 3 da ɗaukar ciki, don haka biyu sukan zama garke cikin 'yan watanni. Abin da ya fi ɓarna haɗari shi ne cuta. Akwai wani nau'in ɓera mai nonuwa da yawa da ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa. An fara gano cutar a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, kuma ta fi ƙamari da rani.

Ga yadda muka kama namu. Mun sami dogon bokiti mai santsi a ciki, muka zuba garin ƙuli-ƙuli a gindinsa, muka jingina masa katako ya zama tsani. Ɓera ya hau, ya faɗa, ya kasa fitowa. Da safe Baba ya sa safar hannu, ya rufe bokitin, ya kai shi can bayan gari ya sake shi. Idan aka sake shi a bakin ƙofa zai dawo, ko ya faɗa gidan maƙwabta, kuma wannan ba adalci ba ne. Kada a kai shi kusa da rumbu ko gonar wani.

A kula: wannan aikin manya ne. Kada a taɓa ɓera da hannu, mai rai ko matacce. Kada a share kashinsa a bushe, a fara jiƙa shi da ruwan bilic, sannan a wanke hannu da sabulu.

Amma kamawa kaɗai ba ta isa ba. Hausawa sun ce idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Mu zuba hatsi a mazubi mai murfi, mu wanke kwanuka kafin barci, mu toshe ramuka da siminti, domin ƙaramin ɓera na iya kutsawa ta ƙofar da ba ta fi kaurin fensir ba. Wanda zazzaɓi ya ƙi sauka a jikinsa kuwa, a garzaya da shi asibiti.

Yau idan kun koma gida, ku duba bayan buhunan hatsi.

Daga wata ɗalibar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida.